Yadda Na Daskarar da Aikin Ƙanwata a Garwa

Ni ne na yi laifi. Na faɗa tun daga farko domin masu zuwa shagona a Ƙofar Wambai ta nan Bauchi su huta da kewaye-kewaye. Tun da na dawo daga Kamaru babu mai sayen ƙanƙara ya tafi salin-alin, sai ya jingina da firiza ya ce, "Malam Sale, yaya ka baro mutanen Faransa?" Wasu da gaske suke son ji. Wasu kuwa sun riga sun ji rabin labarin a bakin matansu, ragowar suke nema. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Rakiya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara bakwai na ba ta. Ni daga firamare na faɗa kasuwa, yau shekara talatin ina sayar da ƙanƙara da lemo mai sanyi. Ita kuwa ta yi ta karatu har ƙasar waje, ta dawo tana koyarwa a jami'a, yanzu farfesa ce a fannin injiniyancin sinadarai. Aikinta a kan magani yake, amma ba likita ba ce. Ko zazzaɓi ka kai mata, asibiti za ta tura ka. Wannan ya daɗe yana ba ni haushi.

Asalin abin daga Inna ne. Lokacin da ta yi ciwon daji, maganin da ake ɗura mata ya fi ciwon wahalar da ita a idonmu. Ciwon a nono yake, amma maganin duk jiki ya bi, gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ko kunu ba ya zama a cikinta. Rakiya na ɗaliba a lokacin, ita ke kwana da ita. Tun daga nan ta kama wannan hanya ba ta sake ba. Ta taɓa yi mini bayani. Ta ce, "Yaya, in za ka aika saƙo Gombe, ai ƙunshe shi kake yi, ka rubuta suna a jiki, ka ba direba. Ba ka watsa shi a titi ka ce Allah ya kai. To ni ƙunshin nake haɗawa." Wai wasu 'yan ƙwallaye ne na mai, ido ba ya ganinsu, a zuba maganin a cikinsu, su bi jini, kada su buɗe sai sun isa inda ciwon yake.

Na ji, ban ɗauka da muhimmanci ba. Ranar sunan jikata, a gaban dangi, na ce mata, "Farfesa, shekara ashirin kina haɗa magani, ko na ciwon kai ba mu gani a kemis ba." Aka yi dariya. Ita ma ta yi. Na ɗauka magana ta wuce.

Dalilin tafiyar shi ne, ta samu haɗin da ta daɗe tana nema, amma na'urar da za ta duba shi babu mai aiki a kusa. Wani abokin aikinta a Gaundare ta ƙasar Kamaru, Dakta Hamadu, yana da ita, ya ba ta kwana biyu bayan ta yi kusan shekara tana jiran layi. Mijinta Malam Isa ya karye a ƙafa, don haka aka ce ni zan raka ta a matsayin muharrami. Na ji daɗi, don me zan ɓoye. Na ce yau dai boko ya nemi kasuwa.

Da safe na same ta a gidanta a Inkil. Ta fito da wata kula shuɗiya, irin wadda mata ke kai abinci asibiti. A ciki akwai ɗan akwati mai kwalabe goma sha biyu, kowace kamar kwalbar turare, an kewaye shi da wasu robobi masu faɗi masu riƙe sanyi. A kan murfin an manna wani ɗan agogo mai nuna lamba.

"Yaya, abu uku ne. Kada a buɗe. Kada rana ta doke ta. Sannan sanyi yake so, ba daskarewa ba. In lambar nan ta haura takwas ka gaya mini, in ta sauka ƙasa da biyu ma ka gaya mini."

"Rakiya, ni za ki koya wa sanyi? Kina tatata nake saran ƙanƙara."

Malam Isa na kwance a kan doguwar kujera da ƙafa a ɗaure, ya ce, "Yaya Sale, a dai saurari malama."

Na ji maganar takwas ɗin. Maganar ƙasa da biyu kuwa ina ɗaure bakin jakata aka yi ta.

A tasha rigimar farko ta tashi. Direban motar Gombe ya dage sai an sa kular a but, a ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce ba za a sa ba. Ya ce to sai dai in rungume ta. Na rungume ta, tun daga Bauchi har Gombe, daga Gombe har Yola, a hanyar da ramukanta sun fi kwaltarta yawa. Kafin mu kai Alkaleri cinyoyina sun mutu. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta kallon kular, can ta kasa haƙuri ta ce, "Alhaji, wannan abinci ba za a buɗe ba ne, ko sai mun mutu da yunwa?" Na ce magani ne. Shi ke nan na jawo wa kaina. Ta nuna mini gwiwa, ta nuna mini ƙugu, na bayanmu ya ce matarsa na da hawan jini. Rakiya na can jikin taga tana karanta takardunta kamar ba tare muke ba. A kowane shinge kuma sai an tambayi abin da ke ciki, ta miƙa takarda, a juya ta sama da ƙasa, a dawo mata da ita.

A Jimeta muka kwana, gidan wata tsohuwar ɗalibarta. Matar ta durƙusa har ƙasa tana "Mama, sannu da hanya," aka yanka kaji, aka kai kwalaben firij da hannu biyu kamar jariri. Maigidan ya dube ni da kula a hannu ya ce, "Direban fa, a falo zai kwana ko a mota?" Rakiya ta ce, "Yayana ne." Ya yi ta ba da haƙuri, amma kazar nan ba ta yi mini daɗi ba.

Washegari muka bi ta Fufore zuwa bakin iyaka. Ɓangarenmu ba a daɗe ba, aka buga hatimi, aka duba katin allurar shawara. Sai kogi. Kwalekwale ɗaya aka loda wa mutane da babura biyu da akuya. Muna tsakiyar ruwa iska ta ɗauke hulata, zanna ce sabuwa da na saya musamman don tafiyar. Hannuwana biyu na kan kula, ina ji ina gani ta bi ruwa. Mai tuƙin ya ce, "Ta riga ka shiga Kamaru, kuma ba ta da fasfo." Kowa ya yi dariya ban da ni.

A ɗaya gaɓar wani jandarma dogo ya nuna kular ya yi magana da Faransanci. Na gane buɗewa yake so. Na sa hannu a aljihu, irin yadda muka saba a hanya. Rakiya ta riƙe hannun rigata ta ce, "Yaya, bari." Ta fito da takardu masu hatimi kala-kala, ta juya harshe zuwa Fulatanci. Inna Bafulatana ce, Rakiya ta riƙe yaren, ni kuwa ban da gaisuwa da zagi babu abin da ya rage mini. Suka daɗe suna magana. Na ga fuskar mutumin ta sauya. Da kansa ya ɗauki kular ya kai ta inuwa, ya kawo mata kujera. Ni ban samu kujera ba.

Da muka wuce na tambaye ta me suka ce. Ta ce mahaifiyarsa ce ke da irin ciwon Inna, yana tambayar yaushe maganin zai fito.

"Me kika ce masa?"

"Na ce da saura. Wataƙila ma ba ni zan ƙarasa shi ba."

"Haba Rakiya. Mutum ya kawo miki kujera, ki gaya masa haka? Ai sai ki ce an kusa."

"Ba a kusa ba, Yaya."

Garwa gari ne mai zafi, zafin da ya sa na daina zagin watan Afrilun Bauchi. Mun isa bayan azahar, motar Gaundare kuma sai da safe. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar sandar makiyayi, ga tauri. Mutum da rigarsa mai kyau zai saƙale shi tsirara a hammata yana tafiya. Na gatsa sau ɗaya ya yanke mini dasashi. Na nemi tuwo aka ce sunansa kuskus, na ce a kawo, sai ga tuwon masara da miyar yakuwa mai tsami kamar an yi faɗa da mai dafawar. Na tuna masar Bauchi da miyar taushe, na ji kamar in yi kuka. Sai dai gaskiya ɗaya, gasasshen kifinsu babu irinsa a wurinmu. Kuma mai babur a can ba ya yi maka ihu, sai ya tsaya ya gaishe ka tukuna.

Masaukin da muka sauka na wata mata ce 'yar kudancin ƙasar, ƙatuwa mai fara'a, kowa na ce mata Madam. Tana gasa kifi a ƙofar gida, tana da firiza babba a zaure. Ɗakin da aka ba Rakiya yana kallon faɗuwar rana, ya yi zafi kamar tanda. Nawa yana ɓangaren inuwa, fankarsa na aiki. Na ce mu yi musaya, ta ce ba za ta kwana ɗakin bakin ƙofa ba, amma kular ta zauna a wurina. Ta cire rabin robobin sanyin ta ba Madam ta sa a firiza don gobe, ta bar rabi a ciki, ta rufe. Lamba ta nuna shida. Ta ce ya yi, ta tafi ta kwanta, don tun Jimeta kanta ke ciwo.

Bayan la'asar na duba, lamba ta koma bakwai. Na zauna ina kallonta. Bakwai ai maƙwabciyar takwas ce. Na ce a raina, yarinyar nan ta sha wahala, in tashe ta don me? Ga firiza a zaure, ga ni, mutumin da ya ci ya sha ya aurar da 'ya'ya da sanyi. Waɗannan robobi nata wasan yara ne. Na buɗe kular, doka ta farko ke nan na karya, na ɗauki akwatin kwalaben na nufi zaure.

Madam ta tare ni. Da ɗan guntun Turancin kasuwa muke fahimtar juna. Ta ce ƙanwata robobi kawai ta ba ta, ba ta ce a sa wannan ba. Na ce ni ne babban wanta, kuma sana'ata ke nan shekara talatin. Ta ɗaga kafaɗa ta buɗe mini. Har na yaba firizar, na ƙwanƙwasa jikinta irin na masu sana'a, na tura akwatin can ƙasa ƙarƙashin kifi inda sanyi ya fi kamawa. Mata biyu suka gaya mini gaskiya a tafiyar nan, duka na taka.

Da magariba Rakiya ta leƙo, ta dubi lambar da ke kan murfi, ta ga bakwai, ta ce alhamdulillahi. Ba ta buɗe ba, don ita tana bin dokarta. Ni kuma na yi shiru, ina so in ba ta mamaki da safe. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne wutar garin nan ko ƙiftawa ba ta yi ba har gari ya waye. Da a Bauchi ne, da an ɗauke ta tun kafin isha ta cece ni.

Bayan asuba na ɗauko akwatin, ya yi tauri kamar dutse, ruwan cikin kwalaben ya zama fari. Na ji daɗin aikina. Na mayar, na jera sabbin robobin, na rufe. Da ta fito na ce, "Na riga na sauya miki komai." Ta ce, "Allah ya saka, Yaya."

Motocinsu na da tsari, wannan na ba su. Da suna ake kiran mutum ya shiga, ba turereniya. Mun yi kamar awa ɗaya a hanya sai ta sunkuyo ta dubi murfin kular da ke cinyata. Ta goge gilashinta ta sake dubawa.

"Yaya, lambar nan sifili take nunawa."

"Ai dole. Yanzu ta samu sanyi na gaskiya."

"Me ka yi?"

Na gaya mata, da alfahari ma. Ina cikin bayanin ƙarfin firizar Madam na ga ta rufe ido. Ta karɓi kular ta buɗe, ta ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga, ta mayar a hankali.

"Yaya, in ka manta da kwalbar lemo a firiza ta kwana, me ke faruwa?"

"Fashewa take yi."

Ta rufe kular. Ba sai ta yi mini bayani ba. Ni da nake zagin masu yi mini aiki a kan wannan, ni da na san ruwa in ya daskare kumbura yake ya fasa abin da ya riƙe shi. Kwalaben ba su fashe ba, 'yan ƙwallayen da ke ciki ne suka fashe, su da fatarsu ba ta kai ta albasa ba. Motar ta kama hawan dutse, mutane na nuna wa juna kwari da bishiyoyi, ni ban ga komai ba. Na buɗe baki na ce, "Ai da kin yi mini bayani sosai." Wannan ita ce magana mafi muni da na yi a tafiyar, ta fi ta firizar.

Gaundare gari ne mai sanyi-sanyi, ƙasarsa ja. Dakta Hamadu ya tarbe mu da kansa, ɗan siriri mai furfura. Suka shiga ɗakin na'urar, aka bar ni na tsaya daga baya. Ya sa ɗigo ɗaya, hoto ya fito a allo. Rakiya ta buɗe wani tsohon hoto a kwamfutarta don kwatantawa. A tsohon, ƙwallaye ne zagayayyu jere kamar ƙwan kifi. A sabon kuwa kamar an taka su da takalmi. Ko ni na gane. Suka gwada kwalba goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya, ko za a dace. Ba a dace ba.

Ban ji ta ɗaga murya ba. Ta ce tunda an zo, za ta rubuta abin da daskarewa ke yi wa haɗin, wata rana zai yi wa wani amfani. Kwana biyun nan ta yi su cur a ɗakin, ni ina zaune a benci a baranda kamar mai jiran haihuwa. Dakta Hamadu ya fito ya kawo mini shayi, yana jin Hausa sosai. Ya ce, "Malam, ka san ɗalibanmu da rubuce-rubucen ƙanwarka suke karatu? Irin wannan aiki kamar haƙa rijiya ne a dutse, wani ya fara, wani ya sha ruwan." Na tambaye shi yaushe za a iya sake haɗawa. Ya ce wata takwas in wutar lantarkinmu ta yarda, sannan ta sake shiga layin na'urar. Bai ce mini komai a kan firiza ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanya ɗaya ce, jandarman nan ma muka sake samu, ya tambaye ta an dace, ta ce sai wani karo. Duk inda aka tsaya ita ke saya mini ruwa, ta ce, "Yaya, ka ci wani abu." Ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. A gidanmu babba ba ya ba ƙarami haƙuri da baki. Mahaifinmu in ya yi maka ba daidai ba, sai dai ka ga tsire a ɗakinka. Haka na tashi, haka na yi niyyar yi.

Na aika wa Malam Isa kaji biyu na dubiya. Na aika wa yaranta katan ɗin lemo. Na tura matata da ƙwaryar masa ta je ta yi mata hira. Na je wurin kawunmu a Ƙofar Ran na yi masa bayani, na ce ya sa baki, ya ce shi ba a yi a gabansa ba. Har ƙaramin firij mai aiki da hasken rana na sa aka kai mata ofis. Kowane saƙo amsarsa ɗaya, an gode, Allah ya ƙara buɗi. Ta zo gaishe ni ranar Juma'a kamar kullum, ta durƙusa, ta tambayi iyali, ta tashi. Sai dai ta daina yi mini zancen aikinta. Da can ina toshe kunne in ta fara. Yanzu da ta daina, sai na ji gidan ya yi mini faɗi.

Sati uku ana haka, na je Inkil da yamma. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma tana duba takardun jarrabawa. Na zauna na yi ta zancen tsadar man janareta. Can na ce, "Firij ɗin yana aiki kuwa?"

"Yana yi."

"Malam Isa ya ga kajin?"

Ta ajiye biro ta dube ni ta saman gilashi. "Yaya, ka ba Malam Isa, ka ba yara, ka ba Kawu, har ofis ka ba. Duk jiki ya sha maganin. Wurin da ke ciwo ne kawai bai samu ba."

Daga cikin ɗaki Malam Isa ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Na cire hulata, tsohuwar, na riƙe a hannu. Gwiwoyina ba sa son durƙuso, amma na sauko daga kujera na zauna a ƙasa daidai da ita.

Na ce, "Rakiya, kin ce kada a buɗe, na buɗe. Kin ce kada ya daskare, na ji da kunnena, na raina maganar don daga bakin ƙanwata ta fito. Na ɓata miki aikin da kika yi saboda Inna, na kuma juya na ce ke ce ba ki yi bayani ba. Ƙarya na yi, kin yi. Maganar da na faɗa ranar suna ma, ta kemis, ban manta ba, na san ke ma ba ki manta ba. Ban san aikinki ba, ban kuma nemi in sani ba. Ni ne babba, ni ne mai laifi. Farfesa, don Allah ki yafe mini."